Yadda Ake Koyon Faransanci a Makarantar Sakandare, Daga Furucin Haruffa Zuwa Jarrabawar Baka

Na shafe shekaru ina koyar da Faransanci a makarantun sakandare na jihar Kebbi, kuma kusan kowace shekara ɗaliban aji ɗaya suna shigo mini da fargaba iri ɗaya, suna ganin an ɗora musu wani Turanci na biyu alhali na farkon bai gama zama ba. Wannan fargaba tana ba ni mamaki, domin jiharmu tana iyaka da ƙasashe biyu da ake aikin ofis da Faransanci a cikinsu. Daga Kamba ana tsallakawa zuwa Gaya ta jamhuriyar Nijar, daga Gaya kuma gada ce a kan kogin Kwara ta raba mutum da Malanbil ta jamhuriyar Benin, sannan ta ɓangaren Bagudo ma ƙasarmu tana manne da Benin. Ko bayan da gwamnatin Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, Faransanci ya ci gaba da zama harshen aiki a can. A nan gida kuwa, tun 1996 Janar Sani Abacha ya ayyana shi harshen hukuma na biyu, kuma Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 2004 ta wajabta shi a firamare da ƙaramar sakandare, ta bar shi zaɓi a babbar sakandare.

Hanyar da zan shimfiɗa a nan ta ginu a kan abu guda da na gani da idona sau da yawa: ɗalibin da yake ɗaukar jimla daga Hausa ya kai ta Faransanci kai tsaye yana riga wanda yake ratsawa ta Turanci, domin a wurare masu yawa ginin Hausa ya fi kusa da na Faransanci. Zan riƙa cewa "kai" don sauƙin rubutu, amma maganar ta haɗa da ɗalibai mata.

Kayan aiki

Ka tanadi littattafan rubutu guda uku, kuma kada ka yarda ka haɗa aikinsu a wuri ɗaya. Na farko na aji ne, na biyu na kalmomi, na uku na aikatau kaɗai. Ka nemi biro biyu, shuɗi da ja, za ka ga amfaninsu a mataki na uku. Sai littafin karatun da makarantarku ta zaɓa, da ƙaramin ƙamus. Kafin ka biya kuɗin ƙamus ka buɗe shi ka duba ko yana sa harafin m (namiji) ko f (tamata) a gaban kowane suna, domin ƙamus ɗin da bai nuna jinsi ba rabin aiki kawai zai yi maka. Akwai wani sanannen littafin jujjuya aikatau da ake kira Bescherelle. Idan ka same shi madalla, idan ba ka samu ba ka ari na malami ka kwafe jadawalin aikatau goma zuwa ashirin da hannunka, kuma a gaskiya kwafewar ma rabin hadda ce.

Kana kuma buƙatar ƙaramin madubi, da rediyo ko wayar da za ka iya saurare da ita, ko da ta yayanka ce da zai ara maka na minti goma sha biyar. Abu na ƙarshe, wanda ba a saya a kasuwa, shi ne abokin karatu guda ɗaya mai naci. Mutum ɗaya ya isa. Taron mutum biyar hira yake komawa.

Game da lokaci, minti talatin a kullum ya fi awa huɗu a ranar Asabar nesa ba kusa ba. Yawancin ɗalibaina da suka yi nisa sun kafe lokacinsu ne bayan sallar Asuba ko tsakanin Magariba da Isha'i.

Mataki na 1: Gyara kunne da baki kafin ka damu da nahawu

A nan ne zan fi daɗewa, domin kuskuren furuci idan ya zauna a aji ɗaya yana bin ɗalibi har jami'a. Haruffan Faransanci 26 ne, irin na boko da ka sani, sai dai ba a karanta su yadda ake karanta Hausa. Mu a Hausa abin da aka rubuta shi ake faɗa. A Faransanci kuwa kalmar beaucoup, wato da yawa, haruffa takwas gare ta amma "boku" ake cewa, oiseau kuma, wato tsuntsu, "wazo" ake furta shi. Wannan yana da ƙa'ida, kuma ƙa'idar ba ta da yawa. Ka rubuta waɗannan a shafin farko na littafin kalmomi: ou ana karanta shi u; oi ana karanta shi wa; au da eau duka o ne; qu yana ba da k; ch shi ne sh ɗinmu, shi ya sa chat, wato kyanwa, yake fita kamar "sha"; gn kuma shi ne sautin ny da ke cikin kalmar hanya, kamar a montagne, wato dutse. Harafin h ba a furta shi sam. Harafin c kuwa tarko ne ga Bahaushe, domin ka saba karanta shi kamar a ciki da cokali, amma a Faransanci k ne a gaban a, o, u, kuma s ne a gaban e da i, ko idan an sa masa ƙaramar wutsiya ya zama ç.

Baƙin da ke ƙarshen kalma galibi shiru yake yi: petit "pəti" ne ba tare da t ba, trois "trwa" ne. Haruffan c, f, l da r su ne galibi ake furtawa a ƙarshe, kamar a sac, neuf, sel da mer. Amma idan kalmar da ke biye ta fara da wasali, baƙin da ya yi shiru yakan farka ya manne da ita, har les enfants ya zama "lezanfan", vous avez ya zama "vuzave".

Yanzu ɗauko madubi. Sautuka huɗu ne suke ba mu wahala, p da f da b da v, kuma mu mutanen Kebbi da Sakkwato da Zamfara wahalarmu ta fi ta Kanawa, domin a bakinmu f takan koma h ko hw, muna cewa tahi da hwari. Ka dubi madubi: a wurin p da b leɓɓa biyu suna rufewa ruf sannan su buɗe, a wurin f da v haƙoran sama ne suke sauka a kan leɓen ƙasa, iska tana ratsawa. Idan ba ka ga haƙoranka a madubi ba, ba ka faɗi f ko v ba. Ka riƙa maimaita waɗannan tagwaye har sai abokin karatunka ya iya bambanta su ba tare da ya kalli bakinka ba: pain, burodi, da faim, yunwa, port, tashar jirgin ruwa, da fort, mai ƙarfi, boire, sha, da voir, gani. Na taɓa yin ɗalibi mai ƙoƙari da ya shekara yana neman izinin fita ya "ga" ruwa, alhali sha yake nufi.

Sai wasalin u, wanda babu irinsa a Hausa. Ka ce "ii" ka riƙe, sannan ba tare da ka motsa harshe ba ka tattara leɓɓanka kamar za ka yi fito. Abin da ya fito shi ne u na Faransanci. Ka gwada tu da tout, rue da roue, sannan dessus da dessous, waɗanda ɗaya yake nufin a sama ɗaya kuma a ƙasa, ka ga kenan kuskure a nan yana juya magana gaba ɗaya.

Wasulan hanci, wato an, on, in da 'yan uwansu, ba za su gagari wanda ya yi tajwidi ba, domin ya riga ya san gunna, ya san yadda ake sakin sauti ta hanci. Sharaɗin kawai shi ne kada harshe ya taɓa dasashi ya rufe da n. Ka bambanta bon da banc da bain. Haka ma r ta mutanen Faransa tana kusa ƙwarai da harafin gain na Larabci, daga maƙogwaro take fitowa. Amma kada ka ɓata wata guda a kanta. Mutane da yawa a Afirka ta Yamma suna kaɗa r da harshe kamar tamu, kuma ana fahimtarsu sarai. Ka ba p da v ƙarfinka, su ne suke sauya ma'ana. Ɗan Argungu kuma ya kula da wannan musamman: s guda ɗaya tsakanin wasula biyu z ce, biyu kuma s ce, saboda haka poisson kifi ne, poison kuwa guba.

Alamomin da ake ɗora wa wasula, kamar é da è da ê, ka ɗauke su yadda ka ɗauki ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ. Kamar yadda kasa da ƙasa ba ɗaya suke ba, haka ou yana nufin ko, où kuma yana nufin ina. Il parle yana magana ne, il a parlé kuwa ya riga ya yi. Ka sa alamar a lokacin da kake rubuta harafin, kada ka ce sai ka gama jimla ka dawo, domin ba za ka dawo ba.

Mataki na 2: Gaisuwa da gabatar da kai

Wannan ba ya ɗaukar fiye da mako biyu. Ka haddace bonjour, bonsoir, comment allez-vous, je vais bien merci, s'il vous plaît, au revoir, da jimloli biyar a kan kanka: je m'appelle, sai sunanka, j'ai treize ans, j'habite à Birnin Kebbi, je suis élève, je parle haoussa. Abin lura ɗaya ne. Faransanci yana da tu da vous, kuma aikinsu daidai yake da kai da ku a wurinmu. Yadda ba za ka ce wa mahaifinka ko malaminka "kai" ba a gidan da aka san ladabi, sai dai "kun tashi lafiya", haka za ka ce wa babba vous, ka bar tu ga aboki da ƙane. Turanci ba shi da wannan bambanci, shi ya sa ɗalibin da ya bi ta can yake ce wa shugaban makaranta tu ba tare da ya ji komai ba.

Mataki na 3: Kada ka taɓa koyon suna shi kaɗai

Kowane suna a Faransanci ko namiji ne ko tamata, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinka, tunda kana cewa gida ne, mota ce. Ka riga ka san sifa tana bin jinsi da adadi, kana cewa farin gida, farar mota, fararen kaya, haka su ma suke cewa blanc, blanche, blancs. Fahimtar tsarin kyauta ka same ta. Inda tarkon yake shi ne zaton jinsin Hausa zai yi daidai da nasu. Rana a wurinmu tamata ce, amma le soleil namiji ne; wata a wurinmu namiji ne, amma la lune tamata ce. Gida namiji, la maison tamata. Kasuwa tamata, le marché namiji.

Saboda haka dokar ita ce, kowane suna ka rubuta shi tare da un ko une, namiji da shuɗin biro, tamata da ja. Na fi son un da une a kan le da la, domin a kalmomi irin su l'école da l'arbre wasalin yana faɗuwa jinsin ya ɓuya, amma une école da un arbre ba sa ɓoye komai. Idan babu jan biro, ka raba shafi gida biyu da layi, maza a dama mata a hagu. A gefen kowace kalma ka sa ma'anarta da Hausa, ko da ƙamus ɗinka na Turanci ne. Wasu ƙarshen kalmomi suna taimakawa: masu ƙarewa da -tion kusan duka mata ne, masu -ment kusan duka maza ne, masu -age galibi maza ne in ban da 'yan kaɗan irin su page, image da plage. Amma zancen da ɗalibai ke yaɗawa cewa duk mai ƙarewa da e tamata ce, ka yi watsi da shi, ga un livre da un problème nan sun ƙaryata shi.

Akwai wani wuri da Hausa take warware abin da ke rikita mutane. Son da sa ba sa duban mai abu, abin da aka mallaka suke duba: son livre yana iya zama littafinsa ko littafinta, sa voiture kuma motarsa ko motarta. Ka lura da -n da ke cikin littafinsa da -r da ke cikin motarsa, su ne suke bin jinsin abin. To son shi ne wannan -n ɗin, sa kuma ita ce -r. Haka mon da ma, ton da ta.

Kalma biyar a rana ta isa. Kwana shida a mako ya ba ka 30, zangon karatu na mako 12 ya ba ka 360. Ka fara da abin da idonka ke gani, kayan aji, sassan jiki, kayan abinci, dangi. Ka waiwayi kalmomin jiya kafin ka ɗauki na yau, ka sake waiwayarsu bayan kwana uku, bayan mako, sannan bayan wata, kamar dai tilawa.

Mataki na 4: Aikatau huɗu, sannan sauran

A Hausa aikatau yana zaune ne, wakilin suna ke sauyawa: na tafi, ka tafi, sun tafi. A Faransanci shi kansa aikatau ɗin yana sauya ƙarshensa, kuma wannan ne sabon abu na gaske da za ka sha fama da shi. Ka buɗe littafi na uku, kowane aikatau da shafinsa, ka fara da guda huɗu da ba sa bin ƙa'ida amma babu hirar da ba sa ciki: être, zama, avoir, mallaka, aller, tafiya, faire, yi. Ka haddace su da murya, tare da wakilin suna: je suis, tu es, il est, nous sommes, vous êtes, ils sont; j'ai, tu as, il a, nous avons, vous avez, ils ont. Ka kula da na ƙarshe a kowanne, ils sont da s yake fita, ils ont kuma da z.

Avoir shi ne "ina da", kuma a nan bin Hausa yana ceton mutum. Muna cewa ina da shekara goma sha biyar, su ma j'ai quinze ans suke cewa, kalma da kalma. Wanda ya ratsa ta Turanci shi ne yake rubuta je suis quinze ans, kuskuren da na fi ja wa layi da jan biro a rayuwata. Yunwa da ƙishirwa da tsoro ma da avoir ake faɗarsu: j'ai faim, j'ai soif, j'ai peur. Il y a shi ne akwai, il n'y a pas de shi ne babu. Idan ka gama aiki kuma ka ce j'ai fini. Wanda ya ce je suis fini ya sanar da jama'a ne cewa tasa ta ƙare.

Aller ma yana da kyauta a ciki. Ka san "za" ɗinmu na tafiya ne, kamar a za ni kasuwa, kuma da shi muke gina lokaci mai zuwa, zan ci, za mu karanta. Faransanci haka yake yi: je vais manger, nous allons lire. Da zarar ka haddace je vais, tu vas, il va, nous allons, vous allez, ils vont, ka samu damar magana a kan gobe ba tare da ka koyi wani sabon jadawali ba.

Bayan waɗannan sai rukuni na farko, masu ƙarewa da -er, waɗanda su ne mafi yawa a harshen. Ka cire -er ka liƙa -e, -es, -e, -ons, -ez, -ent. A parler, siffofi huɗu, wato parle, parles, parle da parlent, furucinsu ɗaya ne, domin -ent na aikatau ba a furta shi. Bambancin a rubutu kawai yake. Kada ka taɓa rukuni na biyu, irin su finir, sai ka iya juya aikatau goma na rukunin farko ba tare da duba littafi ba. Kuma kada ka tsaya a rera jadawali kamar waƙa. Kowane aikatau ka gina masa jimla uku a kan rayuwarka, misali ma mère prépare le tuwo, ko nous habitons à Jega.

Mataki na 5: Korewa da tambaya

Korewar Faransanci ƙafa biyu gare ta kamar tamu. Muna cewa ban sani ba, da ba a gaba da ba a baya, su kuma je ne sais pas. Bambancin shi ne namu yana iya rungumar jimla duka, nasu kuwa aikatau kaɗai yake kamawa. Bayan korewa un, une da du sukan koma de: j'ai un stylo, amma je n'ai pas de stylo. Za ka ji masu magana a kasuwa suna yar da ne. A jarrabawa kada ka yar. Tambaya kuwa hanya mafi sauƙi ita ce ka sa est-ce que a farkon jimla, aikinsa kamar na "shin". Sai ka haddace qui, où, quand, comment, pourquoi da combien, wato wa, ina, yaushe, yaya, don me da nawa.

Mataki na 6: Lambobi da kuɗi

Daga 1 zuwa 69 hadda ce kawai. Daga 70 lissafi yake shigowa: soixante-dix sittin da goma ne, quatre-vingts ashirin sau huɗu, 97 kuma quatre-vingt-dix-sept, wato ashirin huɗu da goma sha bakwai. Wanda ya saba jin tsofaffi suna cewa ashirin ba biyu a maimakon goma sha takwas bai kamata wannan ya ba shi tsoro ba. Atisayen da na fi so shi ne abokinka ya rubuta lambar waya ta ƙarya ya karanta maka ita biyu-biyu, kamar yadda ake karantawa a Nijar, kai kuma ka rubuta. Idan kuma ka tsallaka iyaka ka tuna cewa lissafin sefa da Hausa da dala ake yinsa, dala ɗaya faran biyar ce, saboda haka cent francs dala ashirin ce, mille francs kuma jaka guda.

Mataki na 7: Ba da labarin abin da ya wuce

Wannan aikin aji biyu ne zuwa uku. Shuɗaɗɗen lokacin da ake kira passé composé gaɓa biyu gare shi, avoir ko être, sannan wata siffa ta aikatau: j'ai mangé, tu as fini, il a pris. Yawancin aikatau avoir suke ɗauka. Wasu 'yan kaɗan, galibi na motsi da sauyin hali, être suke ɗauka: aller, venir, arriver, partir, entrer, sortir, monter, descendre, rester, tomber, naître da mourir. Waɗannan suna bin jinsi da adadin mai aikin, namiji ya rubuta je suis allé, mace ta rubuta je suis allée. A korewa gaɓar farko kaɗai ake kamawa, je n'ai pas mangé. Ka ware shafi a bayan littafin aikatau, kowane dare ka rubuta jimla uku a kan abin da ka yi ranar. Lokacin da ake kira imparfait, wanda yake ɗaukar ma'anar "na kasance ina yi" ko "a da nakan yi", ka bar shi sai wannan ya zauna.

Mataki na 8: Saurare da shifta, musamman idan babu malami

Na san makarantu da dama da darasin yake a jadawali amma babu mai shiga aji. Idan taka tana cikinsu, ka fara da roƙon shugaban makaranta ya bincika ko cikin masu hidimar ƙasa da aka turo yankin akwai wanda ya karanta Faransanci. Idan babu, ka duba unguwarku. A Kamba da Kangiwa da Birnin Kebbi ba a rasa tela ko ɗan kasuwa ko makaniken da ya yi lakwal a Nijar ko Benin. Kalmar lakwal ɗin ma l'école ce, kamar yadda mushe yake monsieur, jandarma gendarme, duwan kuma douane. Ka je masa da ladabi, ka ce "Baba, ina son ku riƙa saurarena ina karatu kuna gyara mini", ka karanta masa sakin layi ɗaya. Furuci da hira za ka ɗauka a wurinsa, ƙa'idar rubutu kuwa ka riƙe ta littafi.

Ga mai waya da data, gidan rediyon Faransa RFI yana da labarai na minti goma cikin sauƙaƙƙen Faransanci, Journal en français facile, kuma ana samun rubutun abin da aka karanta a shafinsu na intanet. Dabarar ita ce ka fara sauraren labaran ranar a sashen Hausa na gidan rediyon, sannan ka saurari na Faransanci. Tunda ka riga ka san abin da ya faru, kunnenka zai riƙa cafke kalmomi. Ka saurara sau ɗaya ba takarda, sau na biyu kana bin rubutun da yatsa. Wanda ba shi da waya ya murɗa rediyo ya nemi tashoshin Nijar. Manhajoji irin su Duolingo suna taimakawa wajen naci, amma ba sa koyar da rubutun wasiƙa. Google Translate kuma ka yi amfani da shi don jin furucin kalma; insha'in da aka kwafo daga can malami yana gane shi tun daga layin farko, domin yakan zo da nahawun da ba a koya wa ajin ba.

Sau ɗaya a mako ku yi shifta: abokinka ya karanta layi biyar daga littafin aji, ka rubuta, sannan ka gwada da littafin ka ja layi a ƙarƙashin kowane kuskure. Za ka tarar kusan duka kurakuranka iri uku ne, s na jam'i da ba a ji, -ent na aikatau, da alamomin wasula. A nan kuma za ka haɗu da kalmomin da suka yi kama da na Turanci amma ma'anarsu daban: librairie kantin sayar da littattafai ne, ɗakin karatu bibliothèque ne, attendre jira ne, blesser raunatawa ne.

Mataki na 9: Shirin jarrabawa

Idan ka zaɓi Faransanci a babbar sakandare, ka tabbatar tun aji huɗu cewa makarantarku tana yi wa ɗalibai rajistarsa, kada sai an zo cike takardun WAEC ko NECO ka ji labari. Wanda yake son ci gaba yana iya karanta shi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, kuma ɗaliban Faransanci na jami'o'in ƙasar nan sukan yi zaman nutsewa cikin harshen a Ƙauyen Faransanci da ke Badagry a jihar Legas, wanda aka kafa a 1991. Akwai kuma takardar shaida ta DELF, mai matakai A1, A2, B1 da B2, da ake rubutawa a cibiyoyin Alliance Française irin ta Kano.

Jarrabawar WAEC tana da ɓangaren zaɓen amsa, da na rubutu, da na baka. Ka nemi tambayoyin shekarun baya ka riƙa amsa su da agogo a gabanka. A rubutu, wasiƙa ce wurin da ake tara maki cikin sauƙi idan an san tsarinta. A sama ta dama ka sa gari da kwanan wata, kamar Argungu, le 12 mars, ka lura sunayen watanni da ranaku da ƙaramin harafi ake fara su. Wasiƙar aboki tana buɗewa da Cher ami ko Chère amie, ta tafi da tu, ta rufe da Amicalement. Ta hukuma tana buɗewa da Monsieur le Directeur, ta tafi da vous daga farko har ƙarshe, ta rufe da doguwar jimlar nan da dole ka haddace: Veuillez agréer, Monsieur le Directeur, l'expression de mes salutations distinguées. Ka rubuta gajerun jimlolin da ka tabbatar da su, ka bar minti goma na ƙarshe don bin kowane aikatau ka ga ko ya dace da mai aikinsa, kowace sifa kuma da sunanta.

A ɓangaren baka za a sa ka saurara, ka karanta, kuma a yi hira da kai. Ka shirya magana a kan kanka, danginka, makarantarku, garinku da abin da kake son zama, amma ka shirya ta a matsayin amsoshi, domin mai jarrabawa yana iya katse ka a tsakiya ya yi wata tambayar. Ka gaishe shi da Bonjour Monsieur ko Bonjour Madame tun kafin ka zauna. Wajen karatu ka tafi a hankali, ka tsaya a kowane waƙafi, ka bar baƙaƙen ƙarshe su yi shirunsu. Idan an tambaye ka Où habites-tu, kada ka ce "Yauri" ka tsaya, ka ce J'habite à Yauri avec mes parents. Idan kuma tambaya ta wuce ka, kada ka sunkuyar da kai, kada ka koma Turanci. Ka ce Pardon Monsieur, pouvez-vous répéter, s'il vous plaît, ka saurara da kyau a karo na biyu, sannan ka ɗauki aikatau ɗin da ke cikin tambayar ka gina amsarka da shi.